Shayin Alhaji Mamman a Kan Teku

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a Sterling, nan Amurka, muna tsaye a bayan motata ina zuba wa samari shayi daga filas, sai Nasiru, ɗan ƙanwar matata, ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne na wani jirgin ruwa na shaƙatawa. Ga ma'aikaci da farar riga yana ta murmushi, yana miƙa wa wata Baturiya lemo, teku shuɗi a bayansa.

"Kawu Habu, ashe hutu kuka sha ana biyanku," in ji shi. "Tunda mutane sun biya kuɗin abin sha tun daga gida, ai aikinku zubawa da miƙawa kawai."

Sauran suka kwashe da dariya. Na miƙa masa kofinsa, ya karɓa da hannun hagu, idonsa na kan waya. Na shiga mota na tafi, don ina da fasinjan da zan ɗauka a filin jirgi. Amma maganar ta kwana a raina, shi ya sa na zauna in rubuta muku, ku da kuke ganin duk aikin da aka yi da murmushi aikin banza ne.

Aikina na farko a jirgi ɗaukar ƙanƙara ne. A farkon shekarun dubu biyu ke nan, bayan na yi shekaru ina aikin otal a Kaduna, wani kamfani mai ɗaukar ma'aikata ya kira mu jarrabawa a Legas, Allah ya sa na dace. Na hau jirgi a Baltimore ina ganin na iya aiki, sai aka ba ni bokiti biyu aka nuna mini matakala. Injin ƙanƙara yana can ƙasa, kantocin abin sha suna can sama, lif ɗin ma'aikata kuma kullum a cike da kayan wanki. Kafin jirgin ya fita daga mashigin ruwa ya shiga teku sosai, cikina ya juya, na yi amai har na ga ruwan ɗaci. Ina durƙushe a lungu sai na ji an ce a kaina, "Kai, ɗan ina ne?" Da Hausa.

Baba Issaka ke nan, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya riga ni shiga teku da shekaru masu yawa. Gajere ne, ga furfura, ga faɗa. Ya ba ni guntun citta in tauna, ya ce in daina kallon ƙasa. Daga ranar ya zama maigidana a sana'a. Na san tambayar da ke bakin Nasiru, wato zancen giya. To, Baba Issaka ne ya yi ruwa ya yi tsaki har aka ajiye ni a kantar gahawa da lemo da ruwan 'ya'yan itace, inda shi ma yake, kuma a nan na zauna har na bar jirgi.

Tire shi ne abin da ya fara koya mini. Tiren jirgi da roba a samansa don kada kofi ya zame, amma robar ba ta hana komai idan mai ɗauka bai iya tafiya ba. Sai ya cika tambulan shida da ruwa fal, ya ɗora mini, ya ce in je ƙarshen lungu in dawo. A lokacin jirgi yana rawa. Na dawo rigata sharkaf.

"Kana faɗa da jirgi ne?" ya ce. "Saki gwiwa. Jirgi ya je hagu, bi shi. Kakra kakra, kaɗan-kaɗan, ba gudu ake ba."

Sai da na yi wata guda ina jiƙa riga kafin ƙafata ta koya. Har yau idan na ɗauko faranti daga kicin zuwa falo, matata tana yi mini dariya, wai ina tafiya kamar mai bin kiɗa.

Sauran kayan aikin ba su da yawa: ludayin ƙanƙara, ƙaramar wuƙa ta yanka lemon tsami, mabuɗin kwalba, tsumma biyu, ɗaya na kanta ɗaya na injin gahawa, kuma kada ka kuskura ka haɗa su. Ludayin nan Baba Issaka ya fi tsananta wa. Ranar da ya kama wani sabon ma'aikaci yana ɗibar ƙanƙara da tambulan na gilashi, ya sa shi ya kwashe akwatin gaba ɗaya, ya wanke da ruwan zafi, ya sake cikawa daga ƙasa. Dalilinsa, idan bakin gilashi ya ɓalle a cikin ƙanƙara, babu idon da zai bambance su, sai dai maƙogwaron baƙo. Ni ma daga baya haka na riƙa yi wa waɗanda suka zo bayana, suka riƙa ce mini mugu.

A wancan zamani babu wani biya tun daga gida, in ban da ɗan katin lemon kwalba da iyaye ke saya wa yara. Baƙo ya sha, ka miƙa masa 'yar takarda, ya sa hannu, in ya ji daɗinka ya ƙara maka tukwici. Saboda haka sanin mutum shi ne jari. Ka riƙe sunansa, ka riƙe ko yana son madara ko ba ya so, ka hango shi daga nesa ka fara haɗa masa kafin ya iso. Muna kwana a ɗan ɗaki ƙasa da saman ruwa, babu taga, gado kan gado. Alƙibla kuwa kullum sai an sake nema, don jirgi ba ya tsayawa fuska ɗaya. Ni da Baba Issaka muna shimfiɗa tawul a tsakanin gado da ƙofa, ɗaya ya yi ya ɗaga, ɗaya ya shiga. Idan mun samu sarari da la'asar, mukan fita bayan jirgi inda ma'aikata ke shan iska, mu zuba wa farin kumfan da jirgin ke bari ido, yana ba ni labarin Kumasi ina ba shi na Kaduna. Wannan wurin nake kewa fiye da ko'ina.

Sai muguwar shekara ta zo, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, mutane suna rasa gidaje. Kamfani ya karya kuɗin tikiti, jirgi ya cika maƙil, amma kanta ta zama kamar kasuwa ranar ruwa. Mutum zai zo ya karanta farashi daga sama har ƙasa, ya ce a ba shi ruwan famfo. Mu goge kanta, mu sake gogewa. Tukwici ya ƙafe, aka rage ma'aikata, wanda ya rage ya ɗauki aikin mutum biyu. Kwantiragin Baba Issaka ya ƙare a shekarar, ya tafi gida hutu, ba a sake kiransa ba. Haka ake sallama a jirgi, babu faɗa babu kora, kira ne kawai ba zai zo ba. Ya bar mini wuƙarsa ta lemon tsami. Bayan tafiyarsa na yi shekaru ban ji Hausa a kan ruwa ba, sai dai in yi wa kaina a cikin ɗaki.

Bayan wannan shekara ne tsarin da Nasiru yake magana a kai ya kankama. Turawa suna ce masa fakej, ni kuwa kuɗin goro nake kiransa. Ga yadda yake. Kafin ka hau jirgi, ko a ranar farko, za ka biya kuɗin abin sha na dukan tafiyar a dunƙule. Ba a zaɓen rana. Ko ranar da jirgi ya tsaya a tsibiri ka wuni a gari, ko ranar da teku ya kwantar da kai ba ka iya haɗiyar ko ruwa, an riga an caje ka. Kowane baƙo yana da kati guda, shi ne mabuɗin ɗakinsa, shi ne kuɗinsa, sai a manna masa alama a kai. Akwai ƙaramin fakej na lemon kwalba kaɗai. Akwai na tsakiya, wanda ya haɗa da gahawa ta inji, da shayi na musamman, da ruwan 'ya'yan itace da ake markaɗawa a gabanka. Akwai babba mai giya, wanda a jirginmu idan mutum ɗaya ya saya, dole babban da suke ɗaki ɗaya shi ma ya saya. Tukwicinmu an riga an cusa shi a ciki, shi ya sa baƙi da yawa suka daina ko kallon fuskarmu.

Ranar farko kowa yana so ya fanshe kuɗinsa. Layi har bakin lif. Mutum ya sha mangwaro, ya sha gahawa, ya dawo ya ce abarba, cikinsa ya yi tulu yana nishi. Zuwa tsakiyar tafiya sai ka ga shi ɗin dai ya zo a sanyaye yana neman ruwa. Kamfani ya san haka sarai, ba don Allah ya yi tsarin ba. Amma tsarin yana tsaye ne a kan doka ɗaya: katin mutum ɗaya na cikin mutum ɗaya ne. Kofi ɗaya a lokaci guda, sai an ɗan jima kafin a ba ka wani, kuma ba ka miƙa wa kowa, ko matarka ce. Duk kofin da na zuba sai na goga kati a na'ura, na'ura ta kai rahoto ofis, ga kyamara a saman kanta. Baƙon da aka kama yana rabawa, a soke masa fakej. Ma'aikacin da ya gani ya kau da kai, a rubuta masa gargaɗi, kuma gargaɗi biyu sun isa kira ya daina zuwa. Saboda haka, Nasiru, rabin aikin zubawa ne, rabin kuma gadi ne da murmushi.

Wata tafiya ta mako guda daga Baltimore zuwa tsibiran kudu, a lokacin sanyi, ina markaɗa ayaba sai na ji wata mata tana cewa, "Baba, zauna nan, bari in karɓo maka shayi." Hannuna ya tsaya a kan inji. Na ɗago, ga dattijo dogo da babbar riga ruwan toka, an ɗora masa rigar sanyi a kai, ga hula zanna. Na zagayo daga bayan kanta na rusuna.

"Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

Ya ƙura mini ido, sannan ya kama hannuna da hannu biyu. "Ikon Allah! Har nan? Ɗan wane gari?"

Sunansa Alhaji Mamman, tsohon ɗan kasuwar hatsi daga Funtuwa. 'Yarsa, Hajiya Rabi, ma'aikaciyar jinya ce a Mitchellville, ba nisa da Baltimore, ita ta kawo shi a yi masa aikin ido. Ta ja ni gefe ta ce, "Malam Habu, aikin ya yi kyau, amma Baba ya ƙi sakewa. A gida zaurensa ba ya rabuwa da mutane, tun safe buta tana kan wuta. A nan kuwa ni ina asibiti, yara suna makaranta, in sun dawo ma Turanci suke amsa masa. Wuni yake a bakin taga, babu mai sallama. Abinci ma sai na yi da gaske. Shi ya sa na ce bari mu fito ko iska ta taimaka." Ta saya masa fakej na tsakiya, ta gaya masa an biya komai, ya sha abin da ransa yake so.

Abin da ta faɗa ke nan. Abin da Alhaji ya ji kuma daban ne: an cika masa rumbu.

Washegari ya kama kujera kusa da kantata, inda ake ganin ruwa. Na goga katinsa, na kai masa shayi na musamman da madara. Kafin ya kai baki, sai ya ga wani tsoho baƙar fata a keken guragu a teburin kusa, shi kaɗai. Ya yi masa alama da hannu, ya tura masa kofin. "Bismillah." Tsohon ya duba bayansa ko da wani ake, sannan ya karɓa. Alhaji ya ɗaga mini kati. "Habu, ƙaro wani."

Na san doka, na kuma san ido na kyamara yana kaina. Amma ta yaya zan buɗe baki in ce wa sa'an mahaifina ba a yi wa mutane bismillah? Na ce a raina kofi ɗaya ne. Na jira na'ura ta yarda, na zuba. Kafin azahar teburin ya zama majalisa. Ga tsohon keken, wanda ashe direban bas ne da ya yi ritaya a Takoma Park, ga wata tsohuwa 'yar Habasha, ga wani Bature da matarsa ta rasu bai daɗe ba. Babu mai jin yaren Alhaji, shi ma ba ya jin nasu, amma hira ake da hannu da dariya, yana nuna musu yadda ake auna dawa a kasuwa. Duk wanda ya zauna sai an kawo masa wani abu, duk a kan kati ɗaya. Da Hajiya Rabi ta zo ta tarar da shi yana ƙyaƙyata dariya, ta juya baya tana share ido. Washegari ta ce mini a daren ma ya cinye abincinsa tas.

Kwana biyu aka yi haka, sai manajarmu ta kira ni. Wata Baturiya ce daga gabashin Turai, Madam muke ce mata, mace mai adalci amma ba ta wasa da aiki. Ta juyo mini fuskar kwamfuta ta ce ko raƙumi ne mai katin nan ba zai sha wannan shi kaɗai ba. Ta ce ta ga hoton kyamara, kuma a tafiyar akwai mai bincike daga babban ofis, ba ta da yadda za ta rufe. Ta rubuta mini gargaɗi na farko a duk shekarun da na yi a jirgi. Sannan ta ce in zo in yi mata tafinta.

Muka same shi shi kaɗai, majalisa ba ta taru ba tukuna. Madam ta yi bayani a tsanake: katin na mutum ɗaya ne, rabawa ya saɓa wa sharaɗi, in an sake za a soke. Ni kuma na juya maganar yadda zan iya.

"Baba, tana gaishe ka. Ta ce wai na'urarsu ce ba ta iya ɗaukar kofi da yawa a kan kati ɗaya."

Ya dubi fuskarta, ya dubi tawa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kasuwa ba a yi masa wannan.

"Habu, bakinta ya fi naka tsawo. Faɗa mini abin da ta ce."

Na sunkuyar da kai na faɗa.  Na ga kunnensa yana motsi.

"Wato duk abin da na ba bayin Allahn nan, ba nawa na ba su ba?"

"Baba, ba ka sani ba ne."

"Da girmana, a ƙasar mutane." Ya zaro katin daga aljihu ya ajiye a kan tebur. "Gaya mata ta yi haƙuri, Rabi za ta biya abin da aka sha. Alamar nan kuma a cire ta. In zauna ina kurɓa mutum yana kallona? Ba a haife ni a haka ba."

Na gaya masa katin shi ne mabuɗin ɗakinsa, sannan ya yarda ya mayar aljihu. Ranar bai sake neman komai ba. Direban bas ya turo kekensa ya zo, Alhaji ya gaishe shi, amma ya kasa haɗa ido da shi, tebur babu ko kofi. Can ya tashi ya koma ɗaki. Washegari kujerar babu kowa. Hajiya Rabi ta zo ido ya kumbura, ta ce ya ƙi fitowa, ya ƙi abinci, yana cewa a sa shi a jirgin sama da zarar an sauka.

Ina goge injin gahawa sai dabara ta faɗo mini. A jirgi akwai abin da ba ya cikin kowane fakej don kyauta ne ga kowa: ruwan zafi, da ganyen shayi na gama-gari, da sukari, da madara, a ɗakin cin abinci na sama. Ba wanda ke kula su, tunda ba a saka musu farashi ba. Na tambayi Hajiya ko Baba ya zo da kayan ƙamshi. Ta ce ai ba ya tafiya babu ƙullin citta da kanumfari a jaka. Na je wurin Madam na roƙi aron babban filas da ƙananan kofuna. Ta yi tunani, ta ce shayin kyauta ba ruwanta da wanda aka ba. Amma ta ɗaga mini yatsa: ni in tsaya a bayan kantata. Ta tuna mini dokar da kowane ma'aikaci ya sani, ba ma ci, ba ma sha, ba ma zama a wurin baƙi muna cikin kayan aiki. Ta ce mai binciken nan yana zagaye, kuma saura mini gargaɗi ɗaya.

Hajiya ce ta kai masa saƙo. Da la'asar sai ga shi ya fito, ƙullin a hannu. Ya tsaya a gaban kanta.

"Ka tabbata wannan ba na kowa ba ne?"

"Na kowa da kowa ne, Baba. Ko teku ka ga dama ka shayar."

Ya murtsuke citta da bayan cokali, ya jefa kanumfari, ya zuba sukari kamar ba gobe. Ya ɗaga filas sama yana tsiyayawa daga kofi zuwa kofi, jirgi yana rawa amma ko ɗigo bai zuba ba. Ƙamshi ya cika wurin. Direban bas ne ya fara dawowa, sannan sauran, har da waɗanda ban taɓa gani ba, mutane masu babban fakej a aljihu suna layi a kan shayin kyauta. Ni kuma ina bayan kanta ina shaƙar ƙamshin gidanmu, ina goga katin wasu.

Ranar ƙarshe a teku, rana ta yi sanyi, jirgi ya juyo arewa, iska ta fara cizo. Majalisa ta cika. Madam tana ƙarshen kanta ita da mai binciken, suna duba kwalabe. Sai na ga Alhaji ya cika kofi, ya dafa tebur ya miƙe. Hajiya ta ce, "Baba, kawo in kai." Ya girgiza kai. Ya tako a hankali, kofin a hannu biyu, tsoho mai sabon ido a kan ƙasa mai motsi, har gaban kantata. Duk teburin suka juyo.

"Habu," ya ce, "tun da muka hau kake shayar da ni, ban taɓa ganin ka kai kofi baki ba. Kowa ya sha nawa, saura kai. Karɓi, ɗana."

Na ji idon Madam a gefen fuskata. Da zan iya cewa sai an jima, ko in karɓa in ajiye a ƙarƙashin kanta. Amma mutumin nan sau ɗaya aka mayar masa da kyautarsa a jirgin, na kuma ga yadda ya koma. Na ajiye tsumma, na zagayo, na durƙusa a gabansa, na karɓa da hannu biyu. Na yi bismillah na shanye a nan inda nake. Citta ta yi yawa, sukari ya yi yawa, har ya fara hucewa. Ya dafa kaina ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Direban bas ya fara tafi, sauran suka bi.

Bayan an watse, Madam ta same ni ina wanke filas. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Habu, me ya sa?" Na ce babana ne ya ba ni. Ta ce mai binciken ya riga ya rubuta mini gargaɗi na biyu.

Na ƙarasa kwantiragina, na koma Kaduna hutu, na jira kira. Bai zo ba. Bayan 'yan shekaru cacar bizar Amurka ta faɗo mini, na dawo ƙasar nan da iyalina, na kama tuƙi. Da na samu zama na nemi Hajiya Rabi a Mitchellville. Ta ce Baba ya koma Funtuwa da ƙarfinsa, ya yi shekara biyu a zaurensa kafin Allah ya karɓi abinsa. Ta ce duk wanda ya zauna shan shayi sai ya ba shi labarin yana da ɗa a kan teku. Bai taɓa sanin na sauka daga aikin jirgi ba, ita ma sai ranar ta ji.

Wani lokaci aiki yakan kai ni Baltimore, in sauke fasinja da akwatunansu a tashar jirgi. Nakan nemi wuri in tsaya in kashe mota. Ina ganin masu farar riga a can sama suna jera tambulan, na san wane ne sabo daga yadda yake riƙe tire. Idan jirgin ya busa ƙaho, har cikin ƙirjina nake ji, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina kewar ruwan nan kamar me. Da za a kira ni yau, da furfurata zan hau. Da kuma za a sake miƙo mini kofin nan, zan sake durƙusawa.

Saboda haka, Nasiru, idan na zuba maka shayi a bayan mota ranar Juma'a, sa wayar nan a aljihu. Ka karɓa da hannu biyu.